Daga Isolo Zuwa Zangon Agege: Masu Ɗaukar Nauyin Baƙo A Ikko

Matafiyin da ya taso daga Arewa cikin babbar mota, ya kwana biyu bisa buhunan albasa, ba ya shiga Ikko ta ƙofar da ake bugawa a jikin kalanda. Ba ya ganin dogayen benaye, ba ya ganin teku. Abin da ke fara tarbarsa shi ne hayaƙin mota da warin kwata da hayaniyar yaran mota masu kiran "Oshodi, Oshodi" kamar ana cigiyar yaron da ya ɓata. In ya sauka Oshodi ya kama babban titin da ya miƙe zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa, tafiyar da ba ta wuce ta ɗan lokaci kaɗan ba in hanya ta yi kyau, ta kuwa cinye masa rabin hantsi in ta ƙi, sai ya iske kansa a Isolo.

Isolo tsohon garin Yarabawa ne na zuriyar Awori, kuma sarautarsa Osolo ake kiranta. Birni ya daɗe da haɗiye shi, har ba a gane inda ya fara da inda ya ƙare, yana cikin ƙaramar hukumar Oshodi-Isolo. Filin jirgin sama na Murtala Muhammed na maƙwabtaka da shi, saboda haka mazauna wurin sun saba da katse magana har jirgi ya wuce sa'an nan su ɗora daga inda suka tsaya. Akwai masana'antu da manyan ɗakunan ajiyar kaya, akwai babban asibitin gwamnati, akwai kasuwar Aswani da ke ci ran Talata, wadda matan Ikko ke yi wa tsinke domin tufafi da takalma masu rahusa. Ta hanyar Mushin kuma ga kasuwar Daleko, inda buhunan shinkafa ke tsaye kamar dalar gyada ta Kano a zamanin da. Can ta yamma, a Oke-Afa, ga rukunin gidajen da Gwamna Lateef Jakande ya gina wa masu ƙaramin ƙarfi a zamanin mulkinsa, daga 1979 zuwa 1983.

Ba a iske zangon Hausawa babba a Isolo irin na Agege ko Idi-Araba. Mutanen Arewa a nan warwatse suke kamar gero a faifai. Ga mai gadi zaune bakin ƙofar wani kamfani da 'yar tiredarsa ta ashana da alewa, ga mai shayi a kusurwar titi, ga mai tsire da ke hura wuta in la'asar ta yi sanyi, ga mai tura kurar ruwa, wanda su kansu Yarabawa "mairuwa" suke kiransa, ga 'yan dako da masu gyaran takalma da masu tsintar tsofaffin ƙarafa. Da yawansu ma ba Hausawa ba ne. Akwai Barebari da Fulani da Zabarmawa da Buzaye, wasu daga Jamhuriyar Nijar, wasu daga Chadi. Amma duk Hausa ce ke haɗa su, mutanen gari kuma suna ɗaya suka raɗa musu baki ɗaya, watau "aboki", kalmar da ke da daɗi a bakin mai ita, amma a titin Ikko sau da yawa da raini ake furta ta.

To, mutumin da ke kwana a rumfa ko a barandar kanti, iyalinsa na can nesa da shi fiye da kilomita 1,000, ba shi da takardar haya balle maƙwabcin da ya san sunan ubansa, in zazzaɓi ya kayar da shi, wa zai kai shi asibiti? In mota ta buge shi a titin Apapa, wa zai je ya ce nasa ne? In kuwa ta Allah ta kasance, wa zai yi masa wanka ya kai shi makwancinsa? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce ta haifar da ƙungiyoyin sa kai da ke aiki tsakanin Isolo da Agege, waɗanda ba kasafai jaridu ke kula da su ba sai wani abu ya faru.

Abin da ya faru a Oke-Afa

Kafin a je ga ƙungiyoyin, ya kamata mai ziyara ya fara tsayawa a bakin magudanar ruwa ta Oke-Afa, domin babu wurin da ya fi shi bayyana abin da ake nufi da taimakon maƙwabci a wannan yanki. Magudana ce mai faɗi, ruwanta baƙi ƙirin, ba ya gudu sosai, ciyawar ruwa irin kainuwa kan rufe samansa har wanda bai sani ba ya zaci fili ne mai ɗanyar ciyawa.

Ran Lahadi 27 ga Janairu, 2002, da yamma, gobara ta kama ma'ajiyar makamai ta barikin soja da ke Ikeja. Bama-bamai da harsasai suka yi ta tashi suna faɗawa unguwanni, ƙasa na girgiza, tagogi na farfashewa. Jama'a ba su san abin da ke faruwa ba. Wasu suka ce juyin mulki ne, wasu suka ce yaƙi ne ya zo. Dubban mutane daga Oshodi da Mafoluku da Shogunle suka bazama ba tare da sanin inda suka dosa ba, mata da goyo, yara riƙe da hannun yara. Duhu ya yi, na gaba suka iso bakin magudanar suka taka abin da suka zaci ƙasa ce, na baya kuma suna ta turowa. Mutanen da suka rasa rayukansu a wannan masifa sun haura 1,000, kuma mafi yawansu a cikin ruwan nan suka mutu, ba wuta ce ta ci su ba. Yara ne suka fi yawa a cikinsu.

Abin lura a nan shi ne waɗanda suka fara shiga ruwan. Masunta ne da masu kwale-kwale da samarin unguwa da suka iya ninƙaya, tare da 'yan sa kai na ƙungiyar agaji ta Red Cross. Su ne suka wuni suna tsamo gawarwaki suna jerawa a gaɓa, iyaye na bi suna buɗe fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya tambayi ƙabilar gawa kafin ya ɗauko ta. Waɗanda ba a gane danginsu ba aka binne su wuri guda kusa da magudanar, inda aka gina abin tunawa da su, daga baya kuma a zamanin Gwamna Babatunde Fashola aka yi gada a wurin aka sa mata sunan wannan rana. Yau motoci na wucewa bisa gadar, masu talla na kai da kawowa, yaran da aka haifa bayan abin sun zama magidanta.

Mako guda bai cika ba, a farkon Fabrairu na wannan shekarar, rikici ya ɓarke a Idi-Araba, nan kusa cikin Mushin, tsakanin Hausawa da Yarabawa. Aka yi kwanaki ana kashe-kashe da ƙone-ƙone, dubban mutane suka bar gidajensu suka nemi mafaka a barikoki. Birnin da ya haɗa hannu wajen tsamo 'ya'yansa daga ruwa ran Litinin, shi ne ya ɗauki adda kafin wata Litinin ta zagayo. Kafin wannan an yi na kasuwar Ketu a Nuwamba 1999, bayansa kuma an yi na kasuwar Mile 12 a Maris 2016. Wanda bai riƙe waɗannan abubuwa biyu a zuciyarsa ba, watau Oke-Afa da Idi-Araba, ba zai fahimci dalilin da ya sa dattawan zango ke ɗaukar aikin agaji da muhimmanci haka ba. A wurinsu aikin lada ne, kuma katanga ce.

Zango

Daga Isolo sai a koma Oshodi a kama tsohuwar hanyar motar Agege, wadda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da layin dogo, a wuce Shogunle da Ikeja da Mangoro. Da an doshi Agege iska kan sauya. Ƙanshin burodin nan da ya yi suna a ƙasa duka ya gauraya da na tsire da na turaren wuta, sai kuma a fara ganin dogayen riguna da huluna zanna, a ji rediyo na magana da Hausa daga cikin shago. Wanda ya rufe ido ya saurara zai iya rantsewa a Fagge yake.

Zaman Hausawa a Ikko ya girmi Nijeriya kanta. A 1863 wani hafsan Ingila mai suna John Glover ya tara mutum 18 'yan Arewa ya kafa 'yar rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda sojan Nijeriya na yau ke ɗauka a matsayin tushensa. Agege kuwa jirgin ƙasa da goro ne suka raya ta. An buɗe layin dogo daga Ikko zuwa Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, kuma Agege na ɗaya daga cikin tashoshin farko in an fito daga birni. A wancan zamani daji ne da gonakin koko da goro. Fatake suka gane cewa goron da kakanninsu ke tafiyar watanni zuwa Gwanja domin sa, ga shi nan bakin tasha, sai a ɗaure huhu a ɗora a tarago. Shanu kuma suka riƙa gangarowa ta wannan hanyar. Aka kafa zango, aka naɗa Sarkin Hausawa, aka gina masallaci, aka keɓe maƙabarta. Har ana cewa sunan garin ma daga kalmar Yarabanci ta masu saran itace ya samo asali. A nan ne kuma Shehu Adamu Abdullahi na Ilori ya dawo da makarantarsa ta Markaz, wadda ya fara kafawa a Abeokuta a 1952, ta yaye malaman Larabci masu ɗimbin yawa a ƙasar Yarabawa. Babbar mayankar Oko-Oba, wadda ke ciyar da Ikko da nama, tana nan gefen gari, kuma harkar shanun da ke cikinta ba ta tafiya sai da mutanen Arewa.

Agege ta sauya fuska a 'yan shekarun nan. An buɗe gadar sama ta Pen Cinema a 2021, a shekarar kuma aka fara jigila a sabon layin dogo na Ikko zuwa Ibadan mai babbar tasha a Agege, sa'an nan a 2024 jirgin cikin gari da ke tashi daga Agbado zuwa Oyingbo ya fara aiki yana tsayawa a nan. Amma cikin lungunan zango, inda kwata ke bi ta ƙofar ɗaki, kuma mutum goma ke kwana a ɗakin da aka gina domin biyu, abubuwa ba su sauya da saurin haka ba.

Wanda ke son ganin 'yan agaji a bakin aiki, ya zo ran Juma'a tun kafin rana ta take tsaka. Zai gan su cikin kaki da hula da ɗamara, usur rataye a wuya, wasu riƙe da igiya, wasu da 'yar akwatin magani. Manyan ƙungiyoyin addini na Arewa kowace na da rundunarta. Akwai ta Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962 ƙarƙashin jagorancin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello. Akwai ta Fityanul Islam ta mutanen ɗariƙa, wadda ta samo asali a Kano. Akwai kuma ta Izala, wadda Shehu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978. Tsarinsu irin na soja ne, da muƙamai da fareti da sara wa na gaba, abin da kan ba baƙo dariya in ya tuna cewa kwamandan nan mai tsawa da safe shi ne zai auna masa tumatir da yamma. Amma tsarin ne ke sa a ji magana. Masallaci ba ya ɗaukar jama'a, dole sahu ya fito titi, titin kuwa na kowa ne: ga direban bas Bayarabe da ke sauri, ga 'yar kasuwa Kirista da kayanta a ka. Ɗan agaji ne ke tsayawa tsakanin sahu da mota, ya tare wannan da fara'a, ya ba wancan haƙuri, ya buɗe wata hanya ta baya. Kalma ɗaya mara daɗi a irin wannan wuri ta isa ta tayar da abin da za a kwana ana kashewa. Shi ya sa dattawa suka fi son a sa wanda ya iya Yarabanci a bakin igiya, kuma 'ya'yan zango da aka haifa a nan suna jin sa kamar Hausa.

Ba wanda ke biyan su ko kwabo. Kakin ma da kuɗinsa mutum ke ɗinkawa. Tela ne da mahauci da direba da mai gadi da ɗalibi, kowa ya rufe sana'arsa ya zo. In Babbar Salla ta gabato aikin ya ninka, domin ga filin idi, ga kasuwar raguna, ga ɓarayin aljihu da ke zuwa cin tasu kasuwar. In azumi ne su ke tsare wuraren tafsiri da raba abincin buɗa-baki. In lokacin aikin Hajji ne a gan su a sansanin alhazai suna ɗaukar jakunkunan tsofaffi. In gobara ta tashi ko ruwa ya ci unguwa, kafin motar hukuma ta ratso cunkoso ta iso, su ne a wurin da bokiti.

Sai dai aikin da ya fi kowane nauyi, wanda kuma ba a yin sa a gaban jama'a, shi ne na marar lafiya da na gawa. A nan ne mutumin Isolo da ke kwana a rumfa ke shigowa cikin lissafi.

Yadda abin kan kasance ke nan. Wani ɗan ci-rani ya faɗi a bakin aiki, ko mota ta kaɗe shi da asuba. Abokan kwanansa ba su san kowa ba sai mai shayin da suke ajiya a wurinsa. Mai shayi ya kira limamin ɗan masallacinsu, liman ya kira wani ɗan agaji, kafin awa guda magana ta isa fadar Sarkin Hausawa. Doka dai ta ce kada asibiti ya ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta faɗi haka, ta 2017 kuma ta hana a ƙi duba wanda aka harba don babu takardar 'yan sanda. Amma doka ba ta sayen magani, ba ta ba da jini, ba ta kwana a gefen gado. Sai an sami wanda zai sa hannu a takarda, wanda zai yi tafinta tsakanin likita da majinyacin da ba ya jin Turanci ko Yarabanci, wanda zai miƙa hannu a ɗebi jininsa domin mutumin da bai taɓa gani ba. Kuɗin kuwa karo-karo ne: a shimfiɗa ɗankwali ko a zagaya da kwali bayan sallar magariba, mai naira 100 ya jefa, mai 500 ya jefa.

In rai ya yi halinsa, sai wata tseren ta fara. Musulmi na son a binne mamaci a ranar, birni kuwa na da nasa ƙa'idodin. Tun 2007 Jihar Legas ke da dokar binciken musabbabin mutuwa, wadda ta wajabta bincike a kan wanda ya mutu ta hanyar haɗari ko ta yadda ake shakka, saboda haka sai an bi ta ofishin 'yan sanda da na likita kafin a saki gawa. Kowane kwana a ɗakin ajiyar gawa kuma kuɗi ne. Bugu da ƙari, a 2013 jihar ta yi dokar da ta halatta ƙona gawa ga wanda ya so, ta kuma ba hukuma ikon yin haka ga gawarwakin da suka daɗe ba a zo nema ba, saboda ɗakunan ajiya sun cika. Ko da jin wannan kawai ya isa ya hana Bahaushe barci. Don haka ne wasu daga cikin 'yan agaji suka mai da shi aikinsu su riƙa leƙa asibitoci suna tambaya ko akwai wani nasu da ba a zo nema ba. Sau da yawa abin da za a gane mutum da shi bai wuce tsagar fuska ba, ko laya a damtse, ko lambar waya da aka rubuta a bayan takardar magani. A kira lambar, wata tsohuwa ta ɗauka a wani ƙauye na Zamfara ko Jigawa ko Damagaram, a yi mata ta'aziyyar ɗan da take jiran ya aiko da kuɗin taki. Sa'an nan a sayi likkafani, a yi wanka, a sallace shi, a ɗauki makara. Mutum shida ko bakwai da ba su san sunan kakansa ba su ne za su tsaya har a mayar da ƙasa.

Masu kulob

Ba mutanen zango kaɗai ke aikin sa kai a wannan yanki ba, kuma rashin adalci ne a yi kamar su kaɗai ne. Kusan kowace unguwa a Ikko na da ƙungiyar raya unguwa ta masu gidaje da 'yan haya, masu tara kuɗin gyaran kwata da sa ƙofar ƙarfe a bakin layi da biyan masu gadi. Coci-coci da ƙungiyoyin Musulmin Yarabawa irin su Ansar-ud-Deen na da nasu. Akwai kuma kulob-kulob na ma'aikata da 'yan kasuwa irin su Rotary da Lions, har Rotary na da reshe mai ɗauke da sunan Isolo. Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa ta a birnin Chicago na Amurka a 1905. Mambobinta kan haɗu a otal, su ci abinci, su tara kuɗi, su zaɓi aiki guda su yi: rijiyar burtsatse, ko kujerun makaranta, ko gwajin ido kyauta, ko kayan aiki ga asibiti. Sa'an nan su kafa allo da sunansu, su ɗauki hoto.

Mutumin zango kan kalli wannan da ɗan murmushi, ya ce aikin masu kuɗi ne, wasu malamai ma ba su sake jiki da irin waɗannan kulob ba sam. Amma akwai abin da ya kamata a sani. Reshen Rotary na farko a Nijeriya a Kano aka kafa shi, a 1961. Ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya baki ɗaya, Jonathan Majiyagbe, lauya ne da ya zauna a Kano, kuma ya hau kujerar a 2003, shekarar da aka dakatar da allurar shan-inna a Kano saboda jita-jitar da ta bazu a kanta. Rotary ta sa yaƙi da wannan cuta a gaba tun 1985, ta zuba dukiya mai yawa a ciki. Da aka komo aka ci gaba da allurar, sarakuna da malamai da masu unguwanni ne suka shiga gida gida suka shawo kan iyaye, har aka kai ga ran 25 ga Agusta, 2020, da aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Masu kuɗin otal su kaɗai da ba su iya ba, masu rawani su kaɗai ma haka.

Abin takaici shi ne, a Isolo da Agege waɗannan rukunoni biyu kusan ba su san juna ba. Masu kulob na da asusu a banki da littafin lissafi da sanin ƙofar ofisoshi, amma ba su san lungun da mai ruwa ke kwana ba. 'Yan agaji sun san kowane lungu, suna da ƙafa da lokaci da amanar jama'a, amma kuɗinsu a aljihun ma'aji yake, in ya yi tafiya asusu ya yi tafiya. Da wuya a sami reshen da ke da motar ɗaukar marasa lafiya mai lafiya. Wadda ke akwai sau da yawa tana jingine bisa duwatsu tana jiran taya. Horon taimakon gaggawa ma bai wadata ba, ga wanda ya iya fareti sarai amma bai san yadda ake tsayar da jini ba. Kuma sai an faɗi gaskiya, rarrabuwar da ke tsakanin ƙungiyoyin addini ta biyo su har bakin teku, ta yadda runduna biyu kan yi aiki a titi ɗaya ba tare da sun haɗa ko da igiya ba. Attajiran Arewa da ke da manyan gidaje a Ikoyi, waɗanda ke iya sayen motar asibiti da kuɗin da suke kashewa a biki ɗaya, an fi ganin su ran da aka zo neman ƙuri'a.

Nauyin kuwa ƙaruwa yake yi. Rashin zaman lafiya a Borno da Zamfara da Katsina da Sakkwato ya koro samari da yawa zuwa kudu, waɗanda ba fatauci ya kawo su ba, gudun rai ne. Galibinsu acaɓa suka kama. A 2012 dokar hanya ta jihar ta hana babura bin ɗaruruwan tituna, a watan Yuni 2022 aka hana sana'ar ɗungum a ƙananan hukumomi 6, ran 1 ga Satumba na shekarar kuma aka ƙara 4, har da Oshodi-Isolo da Mushin. Gwamnati na da hujjarta, domin haɗurra da fashi a kan babur ba ƙarya ba ne. Amma yaron da aka ƙwace wa babur ɗin da bai gama biya ba, ba shi da kuɗin mota zuwa gida, gidan ma wataƙila babu shi, ƙofar Sarkin Hausawa zai dosa. Nan ma sai a sake shimfiɗa ɗankwali, a roƙi direban tirelar da ta sauke shanu a Oko-Oba ya taimaka ya koma da mutum biyar a baya. Tsofaffin zango, waɗanda kakanninsu suka zo da goro, kan yi ƙorafin cewa sababbin zuwa ba su san kowa ba, ba su jin maganar kowa, kuma in ɗayansu ya yi laifi kan kowa yake faɗawa. Wasu rassan sun fara rubuta sunan duk baƙon da ya sauka da garinsu da lambar wani nasa, aikin da ya fi kama da ɗiban ruwa da kwando, amma ranar da aka tsinci mutum a bakin titi, wannan littafin ne ake fara buɗewa.

Da la'asar sakaliya ran Juma'a, titin da ya cika da sahu ya koma hannun motoci. An naɗe tabarmi, an kwance igiya, an tattara takalman da masu su suka manta an zuba a kwali a ƙofar masallaci. Wani yaro da ya ɓace wa ubansa yana zaune kan benci da ledar ruwa a hannu, ɗan agaji guda na tsaye kansa har a zo nema. Sauran sun shiga bayan masallaci sun tuɓe kaki, kowa ya ninke nasa ya sa a leda. Ɗaya daga cikinsu zai tsaya a asibiti ya duba wani ɗan Gobir da aka yi wa aiki a ƙafa, ya kai masa koko da ƙosai, daga nan ya nemi motar Oshodi, domin ƙarfe 7 zai karɓi gadi a ƙofar wani kamfani a Isolo.